Tsafi ko rashin shiri: Laifin wa ne idan aka ɓarar da fenareti?

A gidajen kallon ƙwallo na Gagarawa Tasha da Gumel, da zarar ɗan wasa ya ɓarar da fenareti, shi ake yi wa caa. Ba kasafai ake waiwayar koci ba.

Ranar 16 ga Nuwamban 2025 a Rabat, Najeriya ta tashi 1-1 da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo, sannan ta sha kashi 4-3 a bugun fenareti, ta rasa damar zuwa Gasar Kofin Duniya ta 2026. Kocin Super Eagles, Eric Chelle, ya zargi wani daga ɓangaren Kongo da yin tsafi.

Sai dai abin da kowa ya gani shi ne, dab da ƙarewar ƙarin lokaci, kocin Kongo Sébastien Desabre ya sauya mai tsaron raga ya sako Timothy Fayulu, wanda ya tare bugu biyu.

Haka a wasan ƙarshe na Kofin Afirka a Abidjan a Fabrairun 2024, da bugun kwana aka ba Franck Kessié ƙwallon da ya farke wa Ivory Coast, wadda ta yi nasara 2-1.

Manyan ƙungiyoyi sun daina barin wannan ga sa'a. A 2021 Arsenal ta ɗauki Nicolas Jover musamman don koyar da bugun kwana da na tazara.

Wa zai buga, wa zai tsare wane, duk a filin atisaye ake yankewa, kuma koci ne ke yankewa. Tun ran gini, tun ran zane.