Ruwan Randa

Duk matar da ta taɓa ɗebo ruwa a Kogin Haɗeja da damina ta san yadda yake zuwa, ja wur kamar an dama kunu. Juye shi take yi a randa, ta rufe da faifai, ta kama wani aikin. Kafin la'asar laka ta kwanta a gindi, ruwa ya yi garau. Da yaro zai zura moɗa ya motsa, shi ke nan an koma gidan jiya.

Haka nake ganin zuciyar mutum. Ɗauki manomin shinkafa a fadamar Jahun. Ga bashin taki, ga jan-baki na jiran shinkafa ta yi ido, ga fargabar ambaliya irin ta 2022 da ta cinye gonaki a faɗin Jigawa. Ya kwanta da dare, jiki ya gaji tiɓis, amma ido biyu, tunani na ta dama shi. Yana cewa bari ya yi lissafi ya samu mafita, alhali lissafin nan shi ne moɗar.

Dattawanmu suna da randarsu. Bayan sallar asuba za ka ga mutum ya zauna a inda ya sallame, carbi a hannu, ba ya ce wa kowa uffan. Ɗan Tijjaniyya yana jan lazimi safe da yamma, istigfari 100, salati 100, hailala 100. Wani kuwa tasbihin bayan salla ya riƙe. Don Allah suke yi, wannan ba a taɓa shi. Amma jiki ma yana cin ribarsa. Herbert Benson, lokacin da yake likitan zuciya a Jami'ar Harvard ta Amurka, ya auna masu zama shiru suna maimaita kalma ɗaya, ya ga numfashinsu da bugun zuciyarsu suna raguwa, ya fitar da littafi a kai a 1975. Abin da ya fi burge ni a shawararsa shi ne, in tunani ya sace ka, kada ka yi kokawa da shi, ka dawo kan kalmarka a hankali. Mai carbi ya san wannan, don sau nawa hankali ke tafiya kasuwa a tsakiyar wuridi, ɗan dutsen da ke tsakanin yatsu ya janyo shi?

Laka dai ba ta fita daga randa, kwanciya take yi. Bashin yana nan, mai hawan jini kuma dole ya ci gaba da shan maganinsa. Sai dai mai natsuwa yakan iya hango gindin matsalarsa, ya san ta inda zai fara.

Abin da ke damuna yanzu shi ne mu matasa. Liman bai gama juyowa ba hannu ya kai aljihu, an ciro waya. Jiya a sahunmu mutum uku kacal na ƙirga da suka zauna har gari ya waye, dukkansu masu furfura.