Sirrin Majinyaci da Kuskuren da Ɗalibin Likitanci Ke Yi

Ɗaliban likitanci da yawa sun ɗauka cewa tsare sirrin majinyaci shi ne ɓoye sunansa. Wannan fahimta gajera ce, kuma gajartarta ta fi bayyana a ƙaramin gari irin Ƙarfi ta ƙasar Malumfashi, inda kowa ya san gonar kowa da surukan kowa. Ɗalibi zai dawo hutu daga asibitin koyarwa na Shika, ya zauna a majalisa ya ce ya ga wani dattijo ɗan garin nan, mai mata uku, dillalin masara, yana karɓar maganin kaza. Bai ambaci suna ba, amma babu wanda ya tashi bai gane mutumin ba.

Malamanmu sun riga sun warware wannan a babin giba. Imam al-Ghazali a cikin Ihya'u Ulumiddin, haka ma Imam al-Nawawi a cikin al-Azkar, sun bayyana cewa abin lura shi ne fahimtar mai sauraro: duk abin da ya sa ya gane wanda ake nufi, siffa ce ko ishara, hukuncinsa hukuncin ambaton suna ne. A ganina lamarin likita ya fi na mai giba nauyi, domin majinyaci lalura ce ta sa ya kware abin da yake ɓoye wa 'ya'yan cikinsa. Ga giba, ga kuma cin amana.

Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na takwas a Brunei a shekarar 1993 (1414 Hijiriyya), ta zartar cewa asali haramun ne bayyana sirrin, sai da izinin mai shi, ko don tunkuɗe ɓarnar da ta fi ta bayyanawar girma, kamar annoba. Ko a nan ma, hukumar da abin ya shafa ake sanar wa, gwargwadon buƙata. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ma kusan haka ta tanada a sashe na 26.

Inda abin ya fi wuya shi ne kunya. Baffa ne zai kira ɗalibin gefe ya ce: “Ɗana, yaron da ke neman ƙanwarka an ce yana zuwa asibitinku, me ke damunsa?” Tarbiyya ta hana shi musa wa babba, Shari'a kuma ta hana shi faɗa. Mafita ita ce ya ce: “Baffa, a nemi su biyun su yi gwajin kafin aure, kowa ya kawo sakamakonsa da hannunsa.”