Ajiyar Zamani: Neman Digiri Na Biyu A Kan Tsaron Bayanai Ta Hanyar Intanet

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, sanin kowa ne cewa a da can idan falke zai yi doguwar tafiya, sai ya ɗauki abin da ya mallaka ya kai wa wani amintacce ajiya, ya kama hanya hankalinsa a kwance. Mutanen Makka ma, duk da adawar da suka yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a wurinsa suke kai ajiyarsu. Shi ya sa da zai yi hijira a shekarar 622 ta Miladiyya ya bar Sayyadina Aliyu a baya domin ya mayar wa kowa da kayansa.

To, yau ajiya ta sake kama. Dukiyar ɗan kasuwa ta zama lambobi a kwamfutar banki. Albashin ma'aikacin Gwamnatin Tarayya da takardun aikinsa suna cikin na'ura. Lambar BVN da aka fara bayarwa a 2014, da lambar ɗan ƙasa ta NIN, da hoton yatsun mutum, da sirrin cutar da ya gaya wa likita, duk ajiya ce a hannun waɗansu mutane da bai taɓa gani ba. Tambayar da ya kamata mu yi ita ce: su wane ne masu riƙon wannan ajiya, kuma a ina suka koyi riƙonta?

HUKUNCIN MAI AJIYA

Malamanmu na Malikiyya sun yi bayani a babin ajiya cewa shi mai ajiya amintacce ne, ba ya biyan abin da ya salwanta a hannunsa sai idan ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. A cikin Muhtasar na Shehu Halilu an kawo misalan wannan sakaci: wanda ya manta da ajiya a wurin da aka ba shi, ko ya shiga gidan wanka na jama'a da ita ta ɓace, ko ya miƙa ta ga wani ba tare da uzuri ba, duk biya ya hau kansa. Idan muka auna da wannan ma'auni, yaya matsayin akawun da ya rubuta kalmar sirrinsa a takarda ya liƙa a jikin kwamfuta? Yaya na shugaban ma'aikatar da ya bar tsohon ma'aikaci da ikon shiga rumbun bayanai wata shida bayan an sallame shi?

Dokar ƙasa ma ta bi wannan layi. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023, ta wajabta wa manyan masu riƙon bayanan jama'a su naɗa jami'i na musamman mai kula da kariyarsu, ta kuma ce idan aka yi kutsen da zai iya cutar da masu bayanan, lalle a sanar da hukumar kare bayanai cikin awa 72. Ke nan ana bukatar mutanen da suka san wannan aiki, kuma digirin da muke magana a kansa shi ne ɗaya daga cikin hanyoyin samar da su.

ABIN DA AKE KOYARWA

Mutane da yawa suna zaton wannan karatu na injiniyoyi ne kaɗai. Ba haka ba ne. Akwai mai ƙera kwado, akwai kuma mai tsara wanda zai riƙe mabuɗi, da lokacin buɗe ƙofa, da abin da za a yi ranar da mabuɗi ya ɓace. Fannin gudanar da tsaron bayanai aikin mutum na biyun ne.

Ginshiƙansa uku ne. Na farko sirri, watau kada wanda ba shi da izini ya ga bayani. Na biyu inganci, watau kada a sauya ko da sifiri ɗaya ba bisa ƙa'ida ba. Na uku samuwa, watau mai haƙƙi ya sami bayaninsa a lokacin da yake bukata. A kan waɗannan ɗalibi zai koyi auna haɗari: me muka mallaka, wa zai so ya sace, ta wace kafa, nawa za mu yi asara, nawa kuma toshe kafar zai ci? Zai karanta dokoki, da hanyar binciken ƙwaƙwaf, da yadda ake tayar da ma'aikata bayan gobara ko kutse. Zai kuma san ma'aunin duniya da ake kira ISO 27001, wanda ya fara fitowa a 2005. Bugunsa na 2022 ya jera matakan kariya 93, amma 34 ne kawai na na'ura, sauran 59 sun shafi tsarin ma'aikata, da halin mutane, da tsaron gini.

Ga misalin da ake yawan kawo wa ɗalibai. A daren Alhamis, 4 ga Fabrairu 2016, 'yan kutse suka shiga na'urorin Babban Bankin Bangladash, suka aika wa bankin gwamnatin Amurka na New York umarni 35 na fitar da kuɗi kusan Dala miliyan 951. Sun zaɓi lokacin ne da dabara: Jumma'a ranar hutu ce a Dhaka, Asabar da Lahadi hutu ne a New York, Litinin kuma hutun sabuwar shekarar Sinawa ne a Filifin, inda aka tura kuɗin. Na'urar da ke buga takardar shaidar kowace hulɗa ta daina aiki, aka ɗauke shi ƙaramin lahani. Umarni 5 suka wuce. An tsayar da Dala miliyan 20 da aka nufi Siri Lanka da su saboda ɓarayin sun yi kuskuren rubuta kalma ɗaya, amma Dala miliyan 81 suka isa Manila suka narke a gidajen caca. Gwamnan bankin ya ajiye aiki a watan Maris. Mai karatu ya lura: wa ke tsaro ranar hutu, wa za a kira da tsakar dare, wace alama ce ba a rainawa? Waɗannan tambayoyin shugabanci ne.

Kada kuma mu ɗauka ilmin baƙo ne gare mu. Malam Alkindi, wanda ya zauna a Bagadaza a ƙarni na 9, shi ya rubuta risala mafi daɗewa da aka sani a kan warware rubutun sirri ta hanyar ƙirga yawan maimaituwar haruffa.

INA AKE YIN KARATUN

Karatu daga nesa tsohon abu ne. Tun 1858 Jami'ar Landan take ba da digiri ga waɗanda ba su zauna a ajinta ba, kuma da yawa daga 'yan bokon farko na Afirka ta Yamma ta gidan waya suka yi karatu. Kwalejin Royal Holloway ta wannan jami'a ta fara digiri na biyu a kan tsaron bayanai a 1992, tana cikin na farko a duniya, daga baya ta buɗe shi ga masu karatu daga nesa. A Amurka, jami'ar Georgia Tech ta fara nata ta intanet a 2019, ta kuma ware reshe guda domin masu sha'awar dokoki da tsare-tsare. A nan gida, Buɗaɗɗiyar Jami'ar Nijeriya, wadda aka kafa a 1983, aka dakatar a 1984, aka farfaɗo da ita a farkon shekarun 2000, tana da cibiya mai suna ACETEL da ke koyar da tsaron intanet a matakin digiri na biyu.

Amfanin wannan hanya a fili yake. Ma'aikaci ba ya barin kujerarsa, magidanci ba ya barin iyalinsa, matar aure tana karatu a ɗakinta, kuma abin da aka koya da dare ana iya gwada shi a ofis da safe. Amma fa ba karatun wasa ba ne. A tsarin Ingila digiri na biyu maki 180 ne, kowane maki kuma ana ƙiyasta shi da awa 10, watau awa 1,800. Wanda ya raba su a shekara biyu zai bukaci kimanin awa 17 kowane mako. Sai mutum ya zauna ya yi lissafi tsakaninsa da Allah: bayan sallar Asuba zai samo su, ko bayan Lisha? Me zai rage, hira ko barci? Haƙƙin iyali da na wurin aiki dai ba sa cikin abin ragewa. Ga kuma kuɗin makaranta, wanda na waje da Dala ko Fam ake biya, ga wutar lantarki, ga kuɗin intanet. Wanda ya fara ba da shiri ba, sau da yawa a tsakiyar kogi yake sauka.

GARGAƊI UKU

Na farko, a binciki makaranta kafin a biya ko kwabo. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida na Daily Nigerian ya bayyana yadda ya sami digiri daga Kwatano cikin mako shida, abin da ya sa a Janairun 2024 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri na Binin da Togo. Jami'ar gida a nemi sunanta a jerin Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa. Ta waje kuwa a tuntuɓi Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya, ma'aikaci kuma ya nemi amsar ma'aikatarsa a rubuce cewa za ta karɓi takardar. Al'ummar da malamanta suka ƙi karɓar hadisi sai sun san wanda ya ruwaito shi bai kamata ta karɓi takarda daga makarantar da ba ta da asali ba.

Na biyu, shi kansa karatun amana ne. Malami ba ya ganinka, kuma yau akwai masu rubuta wa ɗalibi kundi don kuɗi, akwai na'urar da za ta tsara masa amsa cikin ƙiftawar ido. Wanda ya fara da ha'inci a jarrabawa, yaya za a damƙa masa asirin mutum miliyan? Ranar da aka kai hari, takarda ba za ta yi magana ba. Abin da ke cikin ƙirji shi zai yi aiki. Don haka ne ma takardun ƙwarewa irin su CISM da CISSP suke bukatar gogewar aiki ta shekara 5 ban da cin jarrabawa.

Na uku, wanda ya san yadda ake kulle ƙofa ya san yadda ake ɓalle ta. Jami'in tsaron bayanai yana iya ganin albashin abokin aikinsa, da wasiƙunsa, da bashin da ake binsa. Suratul Hujurat ta hana binciken asirin mutane, Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015 ta tanadi hukunci ga mai shiga kwamfuta ba da izini ba, amma a cikin dare, shi kaɗai a gaban na'ura, tsoron Allah ne kawai zai riƙe masa hannu.

Daga ƙarshe muna kira ga attajiranmu. Alhajin da dukiyarsa ke yawo ta waya tsakanin Kantin Kwari da Dubai da Guangzhou, alhali yaron shago ne ke riƙe da lambar sirri, ya kamata ya ɗauki nauyin ɗa ko 'ya ko amintaccen akawunsa ya yi wannan karatu, kamar yadda iyayenmu suke tura yaro ya koyi rubuta bashi. Shugabannin ma'aikatu kuma su ba masu himma dama da lokaci. Malamai sun ce duk sana'ar da al'umma ba ta iya zama sai da ita, idan waɗansu suka koya sun ɗauke wa saura, idan kowa ya ƙi, laifi ya hau kan kowa.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya sa mu cikin masu tsare amana, ya kare dukiyarmu da mutuncinmu, amin. Wassalamu alaikum.