Masu Renon Dashe a Jos

A gefen titunan Jos, duk inda rafi ko tsohon kududdufin kuza yake kusa, ba a rasa 'yar rumfa da baƙaƙen ledoji jere a ƙarƙashinta, kowace da ɗan tsiro. Masu wucewa "masu fulawa" suke ce musu, don furanni ne a gaba. Wanda ya kutsa ciki shi zai ga inda jarin yake: dashen fiya, mangwaro, lemu, gwaba, inabi, rumman, har da tuffa.

Garin ne ya ba su sana'ar. Jos tana bisa tudun da ya haura mita 1,200, damina na kamawa daga Afrilu har Oktoba, hunturu kuma sai da bargo. Ramukan da kamfanonin kuza suka bari wajen Bukuru da Rayfield sun zama rumbun ruwan rani. Ga kuma Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya da ke garin tun 1958, tana yaye masu ilimin itace. Amma da yawa daga cikin masu rumfunan nan a hannun ubangida suka koya, daga cika leda da ɗiban ruwa aka fara.

Gwanintar tana wajen aure. Ana binne ƙwallon mangwaron gida a leda, a rene shi har ya kai kaurin fensir. Sai a sare kansa, a tsaga tsakiya da reza, a kawo ɗan reshe daga uwar da aka san 'ya'yanta, ko Juli ko Binta Siga, a fiƙe gindinsa ta gefe biyu, a cusa a tsagar. Dole ɓawo ya haɗu da ɓawo, ko da ta gefe ɗaya ne, domin a nan ruwan itacen ke bi. A naɗe da zaren leda tamau, a kifa wata ledar a kai don kada ya bushe. Bayan mako biyu zuwa uku, in ya kama, sai ka ga toho jaja-jaja. In bai kama ba reshen ya yi baƙi, a sake. Gwani ba ya barin yatsa ya taɓa fuskar yankan, kuma da sassafe yake aikin.

Mangwaro mai aure yakan fara haihuwa a shekara uku ko huɗu, na ƙwallo kuwa sai ya ninka haka, kuma babu tabbas zai gaji uwarsa. Fiya ta fi shi wannan hali. A nan sana'ar take da wuyar sha'ani, domin mai saye ba ya iya ɗanɗana abin da ya biya. Dashen mangwaron da aka ce masa Paparanda ne, sai shekaru sun tafi zai san gaskiya, lokacin ya riga ya ba shi wuri da ruwa da taki. Akwai marasa tsoron Allah da ke naɗa leda a jikin tsiron ƙwallo su ce mai aure ne. Shi ya sa wanda ya san kan abin yake duƙawa ya nemi tabon haɗin, kuma shi ya sa tsohon mai reno ya fi sabo ciniki ko da kayansa sun fi tsada. A ganina mai renon kirki shi ne wanda zai iya hana ka saye. Alhaji ya zo daga Kano zai loda tuffa a mota, shi kuma ya ce masa zafin can ba zai bar ta ba, gara ya ɗauki lemu da gwaba.

Ko a Jos ɗin ma tuffa sai da dabara. Irin da ba ya neman tsananin sanyi ake nema, kamar Anna da aka samar a Isra'ila. Tunda babu hunturun Turai da zai kakkaɓe ganye, da hannu ake tsige shi don itacen ya farka ya yi fure, a kuma janyo rassan ƙasa a ɗaure. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, masu tuffa ba a matsayin karin magana suka san wannan ba.

Mai gida da ke son lambu a bayan ɗaki yakan ɗauki mai renon ya je ya tsara masa. Kuskuren da aka fi yi shi ne cunkoso: mutum ya ga tsiro bai wuce gwiwa ba, ya manta fiya za ta rufe rabin tsakar gida. Don haka manya, fiya da mangwaro, can nesa da katanga da masai. Lemu da gwaba a tsakiya. Gwanda da ayaba su cike gurbi kafin manyan su tasa, inabi ya hau rumfa. Bishiyar turare, wadda aka cika filayen kuza da ita, ba a kusantar da ita, don tana shanye ruwan maƙwabta. Ramin fiya kuma ba a yarda ruwa ya kwanta a ciki, saiwarta ruɓewa take. Ana cakuɗa ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki, wasu su ƙara toka, kamar yadda masu lambun bakin kogin Dilimi suka daɗe suna yi.

Gefen da rana ta fi bugawa na sitiroberi ne. Ƙauyen Chaha, kusa da Vom, ya yi suna da ita, kuma da sanyin hunturu ake ganin ta a ƙananan robobi a bakin titi. Ba ta da tsadar yaɗawa: uwa ce ke miƙa jijiya, inda ta taɓa ƙasa ta yi saiwa, a yanke a dasa. Sai dai a shimfiɗa mata busasshiyar ciyawa, don 'ya'yan da suka kwanta a jiƙaƙƙiyar ƙasa ba sa kai gobe.

Kasuwar masu reno tana buɗewa ne da saukar ruwan fari. A lokacin ne kuma ƙanƙara kan sauko a Jos ta yayyage sabon toho, gara ta bi ta ƙasa, awaki su bi ta sama. Shi ya sa in ka biya kuɗin dashe ka juya za ka tafi, mai renon yakan tsayar da kai ya tambaya ko ka tanadi shinge.