Wasan labari ta waya: Yadda ake haɗa ayarin 'yan wasa daga Nima zuwa Maraɗi

A unguwannin Nima da Maamobi da Sabon Zango na birnin Accra, da Hausa ake ciniki, da ita ake wa'azi, da ita ake musun ƙwallo a wuraren zaman matasa da ake kira "base", wato abin da mutanen Nijar ke ce wa fada, 'yan Najeriya kuma majalisa. Amma idan aka zo batun rubutu sai labari ya sha bamban. Hausa ba ta cikin harsunan gida 11 da ake koyarwa a makarantun gwamnatin Ghana, irin su Twi da Ga da Ewe da Dagbani. Shi ya sa za ka ga saurayin da bakinsa ya ƙoshi da Hausa, amma in zai tura saƙo sai ya koma Turanci ko ya danna muryar waya.

Akwai wani wasa da zai iya cike wannan giɓi, wanda ba ya buƙatar babbar waya ko data mai yawa, rubutu ne zalla. Sai dai ɗorewarsa ta dogara ne kan abu guda: yadda aka nemo 'yan wasa tun farko.

Yaya wasan yake?

Mutum ɗaya ne jagora. Shi ke tsara duniyar da labarin zai gudana, da garuruwanta da maƙiyanta. Sauran mutane kowa ya ɗauki jarumi guda, ya ba shi suna da sana'a da hali, ya riƙa magana da bakinsa. Jagora zai rubuta, alal misali: "Ayarinku ya iso bakin kogi da magariba, mai fito ya ce ba zai ƙetarar da kowa ba sai gari ya waye, ga kuma ƙurar dawakai ta taso daga baya." Daga nan kowane ɗan wasa ya rubuta abin da jaruminsa zai yi. Wani ya lallashi mai fito, wani ya ɓoye kaya, wani ya zare takobi. Jagora ya faɗi abin da ya biyo baya, labari ya ci gaba.

Bambancinsa da tatsuniya shi ne ba wanda ya san ƙarshen labarin, har shi jagoran. Idan aka zo wurin da abu zai iya yiwuwa ko ya ƙi, sai a jefa ɗan ludo, lambar da ta fito ta raba gardama.

Tushen wasan yana Amurka, inda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a 1974, ana yin sa a kan tebur da takarda da fensir. A 1978 Roy Trubshaw, ɗalibi a Jami'ar Essex ta Ingila, ya fara gina wani wasan kwamfuta mai suna MUD, daga baya Richard Bartle ya ci gaba da shi. A cikinsa mutane da yawa ke shiga duniya ɗaya ta hanyar rubutu kawai. Yau ana yin irin wannan a Discord da Telegram da WhatsApp, kuma ba dole ba ne kowa ya hau intanet lokaci guda: ka rubuta naka da safe, wani ya amsa bayan la'asar.

Ba sai an aro duniyar wasu ba

Kafin jagora ya nemi kowa, sai ya san inda zai kai mutane. A nan Bahaushe ba ya cikin talauci. Akwai Gizo da Ƙoƙi da Dodo na tatsuniya. Akwai littattafan kasada irin Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, waɗanda suka fito daga gasar rubutu ta 1933, da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa. A Accra ɗin ma kamfanin Leti Arts, wanda aka kafa a 2009, ya gina wasannin waya a kan jaruman Afirka, ciki har da Ananse, gizo-gizon tatsuniyar Akan, ɗan'uwan Gizonmu a wayo.

Amma ga ɗan zango, babu fagen da ya kai hanyar Gwanja. A ƙarni na 19 fatake kan tashi daga Kano da Katsina da Sakkwato da kanwa da tufafi da fatu, su ƙetare kogin Kwara, su bi ta Borgu da Djougou da Sansanne Mango da Yendi, su sauka Salaga su sayi goro. Tafiya ce ta watanni. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa 'yan kasuwar garin, wasu suka koma Kete Krachi, wasu Kumasi, wasu Accra. Ma'ana, hanyar ta ratsa ƙasashen da ake kira Najeriya da Benin da Togo da Ghana a yau, kuma kowane ɗan wasa zai ga garin kakanninsa a ciki. Ayari ma ya zo da muƙamansa a shirye: madugu, jagaba, uban dawaki, malamin ayari, maroƙi. Kowa ya zaɓi nasa.

Abin da sanarwa za ta ƙunsa

Masu wannan wasa a ko'ina sun san ciwo ɗaya: a fara da ɗoki, bayan mako biyu mutum biyu su yi shiru, labari ya tsaya cak a tsakiyar yaƙi. Maganin yana cikin sanarwar neman 'yan wasa. Jagoran da ya rubuta "ku zo mu yi wasa" kawai zai tara mutum 40 ranar farko, ya rasa ko biyar a ƙarshen wata.

Na farko, a faɗi adadi. Mutum huɗu zuwa shida sun isa. Zauren WhatsApp na ɗaukar mutum 1,024, amma labari ba ya ɗaukar haka, domin kowane jarumi na buƙatar a saurare shi. Masu son kallo a buɗe musu zaure daban.

Na biyu, a faɗi nauyin da mutum zai ɗauka: saƙo ɗaya a rana, ko uku a mako, da kuma tsawon wasan, misali wata biyu. A rubuta abin da zai faru idan mutum ya ɓace kwana uku: jagora ya tafiyar da jaruminsa, ko a bar shi a zango yana jinya har ya dawo. Wanda wuta ta ɗauke masa ko datarsa ta ƙare ba zai ji an kore shi ba, saura kuma ba za su zauna jira ba.

Na uku, agogo. Ghana da Togo da Burkina Faso da Cote d'Ivoire suna bayan Nijar da Najeriya da Benin da Kamaru da awa guda. Ƙarfe tara na dare a Accra ƙarfe goma ne a Yamai da Kano. Duk sanarwar da ba ta ce agogon wane gari ba ta shuka rigima.

Na huɗu, a nemi ɗan gwaji. Mai son shiga ya rubuta layi biyar game da jaruminsa: wane ne shi, me yake nema, me yake tsoro. Ba jarrabawar ƙa'idar rubutu ba ce. Wanda ya kasa rubuta layi biyar yau ba zai rubuta ɗari a wata biyu ba.

Wace Hausa za a rubuta?

Wannan ce tambayar da ta fi muhimmanci ga ayarin da ya haɗa ƙasashe. Hausar zango ta Ghana tana da nata salo: ba ta cika bambanta namiji da mace a nahawu ba, kuma ta ari kalmomi daga Turanci da Twi. Ɗan Damagaram zai sako Faransanci, Bakano ya zo da tasa. Har a haruffa akwai bambanci, Nijar na rubuta ƴ inda Najeriya ke rubuta 'y.

Idan jagora ya bar masu gyaran Hausa suka yi ta tsinke wa ɗan Nima magana, zai yi shiru ya fice, alhali shi ne ya fi buƙatar fagen. Doka mai sauƙi ita ce kowa ya rubuta yadda yake magana, ba gyara a cikin zaure sai wanda ya nema. Duk malamin aji ya san yaro ba ya koyon rubutu a wurin da ake yi masa dariya. Wanda yake karanta Hausar abokansa kullum, yana amsawa, da kansa zai fara bambanta ƙ da k, da ɗ da d.

Iyaye, kuɗi da lambar waya

Akwai gidajen da ganin ɗan ludo kaɗai ke tuna musu caca. Don haka a bayyana tun a sanarwa cewa ba a sa ko sisi, ba a cin komai. Ayarin da bai natsu da jefa ɗan ludo ba zai iya ba kowane jarumi maki goma, ya riƙa kashewa a lokacin wahala, in sun ƙare sai ya karɓi hukuncin jagora. Haka nan a yi zaman share fage kafin a fara, a amince da iyakoki: batsa, zagin ƙabila ko addini, da yadda za a taɓa batun aljanu da tsafi.

Duk wanda ya nemi a tura masa kuɗin rajista ta MoMo ko wata hanya kafin shiga, a guje shi. A kuma sani cewa a WhatsApp 'yan zaure na iya ganin lambar juna, yayin da Telegram ke ba da damar ɓoye ta, yana kuma da ɗan ludo na kansa da kowa ke ganin abin da ya fito. Kada a haɗa yara da manyan da ba a sani ba. Idan 'yan makaranta ne, malami ko wani babba da iyaye suka yarda da shi ya kasance a ciki. 'Yan mata kuwa suna iya kafa nasu ayarin da tasu jagorar.

Inda ya fi dacewa a fara nema shi ne kusa: mutum biyu daga "base" ko ajin Islamiyya, sannan kowannensu ya gayyato ɗan'uwa ɗaya daga Kumasi ko Lome ko Maraɗi. Wanda aka san gidansu ba ya ɓacewa ba sallama. Idan ayarin farko ya kai Salaga lafiya bayan wata biyu, ɗaya daga cikin 'yan wasan ya zama madugu na gaba, a sake buɗe ƙofa.