Husufin Rana Tsakanin Duba da Ibada: Misali daga Ƙasar Tambuwal

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce mu rarrabe ma'anoni biyu da Bahaushe yake ba husufin rana, waɗanda sau da yawa akan cakuɗa su: ma'anar da masu duba suke ba shi, da wadda shari'a ta ba shi. Za mu ɗauki misali daga husufin ranar Laraba, 29 ga Maris 2006, kamar yadda ya riski Sanyinna da sauran garuruwan Tambuwal da Kebbe a kudancin Jihar Sakkwato.

A wannan rana inuwar wata ta ratso Ghana da Togo da Benin, ta shigo Nijeriya ta wajen Shaki, ta bi ta Gusau da Katsina, sa'an nan ta wuce Nijar. A Gusau rana ta rufe ruf fiye da minti 3, wajen ƙarfe 10:30 na safe. Ƙasar Tambuwal tana yamma da hanyar inuwar, don haka rana ba ta rufe duka ba, sai ɗan baki ya rage kamar jinjirin wata. Abin da ya ƙara wa al'amarin nauyi shi ne ranar ta dace da Larabar ƙarshe ta watan Safar 1427, watau Larabgana, wadda tun da can jama'a suke camfa ta da saukar bala'i, har akan sha rubutu a yi sadaka dominta.

2.0 Fassarar Masu Duba

Ilimin taurari ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Malaman hisabi sun san buruji 12 da manzilolin wata 28, kuma da su manomi yake gane shigowar damina. Malam Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya shahara a wannan fanni har a ƙasashen Larabawa. Amma cikin ilimin akwai sashe biyu. Na farko lissafin tafiyar rana da wata ne domin sanin lokaci da alƙibla, wanda malamai ba su hana ba. Na biyu shi ne da'awar cewa taurari suna da tasiri a kan rayuwar mutane. A nan ne mai duba yake kallon watan da husufi ya auku da burujin da rana take ciki, ya ce babban sarki zai mutu, ko za a yi fari, ko annoba. Wannan sashe ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soka a Nurul Albabi, inda ya haɗa masu da'awar sanin gaibu ta taurari da masu bugun ƙasa.

Dacewar husufin 2006 da Larabgana kuwa ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san lissafi. Husufin rana ba ya aukuwa sai a ƙarshen watan Musulunci, lokacin da wata yake shiga tsakanin rana da ƙasa. Ba ya aukuwa kowane wata domin hanyar wata ta karkace da wajen digiri 5 daga hanyar rana. Saboda haka duk husufin da ya faɗo cikin Safar, a ƙarshensa zai faɗo, kuma in ya zo ranar Laraba, to, Larabgana ce ba makawa. Haka kuma husufi yakan maimaitu bayan shekara 18 da kwana 10 ko 11 da kusan awa 8. Na 2006 ya komo ranar 8 ga Afrilu 2024, amma a Meziko da Amurka da Kanada, inda ba a san Larabgana ba.

3.0 Ma'anarsa a Shari'a

An yi husufi a Madina ranar da Ibrahimu, ɗan Manzon Allah (SAW), ya rasu a shekara ta 10 bayan Hijira; masana falaki sun lissafa shi a 27 ga Janairu 632. Mutane suka ce saboda rasuwar ne. Annabi da kansa ya kore wannan zato, ya bayyana cewa rana da wata ayoyin Allah ne, mutuwar wani ko rayuwarsa ba ta sa su husufi, ya kuma yi umurni da salla da addu'a da sadaka. Mu a ganinmu nan ne gardama ta ƙare: in husufi bai auku don ɗan Annabi ba, ba zai auku don sarki ko hakimi ba.

A mazhabar Malikiyya, wadda ɗaliban zaure suke karantawa cikin Risala, sallar husufin rana sunna ce mai ƙarfi. Raka'a biyu ce, kowace da tsayuwa biyu da ruku'u biyu, ana doguwar karatu a ɓoye, ba kiran salla ba iƙama. Lokacinta daga hantsi zuwa zawali ne, don haka husufin 2006 ya faɗo cikin lokaci sosai. Wasu sukan ce tun da ana iya lissafa husufi, ya daina zama aya. Wannan magana ba ta da ƙarfi, domin ana lissafa fitowar alfijir ma, kuma ba wanda ya ce an ɗauke Asuba.

Cakuɗa ma'anonin nan biyu yana da haɗari. A Janairu 2001, bayan husufin wata, matasa sun ƙona otal-otal da mashaya a Maiduguri, suna cewa zunuban masu su ne suka jawo shi. Wani haɗarin kuma na ido ne, musamman ga yara: kallon rana kai tsaye, ko ta gilashin da aka yi wa hayaƙi, ko cikin ruwan kwano, yana iya ƙona ƙwayar ido ba tare da an ji zafi ba.

Ranar 2 ga Agusta 2027 za a yi cikakken husufi a Masar da Makka, kuma arewacin Nijeriya zai ga sashensa. Ya kamata kwalejojin ilimi su ba limamai da malaman firamare na yankin Tambuwal da Kebbe sa'ar farawarsa da ta yayewarsa tun kafin ranar, domin liman ya san ko sallar za ta riski zawali.