Alat ba riba ba ne: yadda za ka lissafa harajinka da abin da ke rage maka daga 'yar sana'a

Da wuya ka shiga aji ɗaya a wannan makaranta tamu ta Umaru Ali Shinkafi ba ka iske mai 'yar sana'a ba. Wannan na sayar da data, wancan na gyaran waya, wata na ɗinki ko sayar da turare da hijabi a ɗakin kwana, wani kuma da an tashi lacca sai ya hau babur ya yi kabu-kabu zuwa Arkilla da Mabera har dare. Amma ka tambayi ɗayansu, "Nawa kake samu a wata?" Amsar da za ka ji ita ce, "Alhamdu lillahi, ana dai taɓawa." In ka matsa, sai ya buɗe waya ya nuna maka alat ɗin da suka shigo.

Matsalar ke nan. Kuɗin da ya shigo asusunka daban, ribarka daban, abin da ke rage maka bayan haraji shi ma daban. Wanda bai raba ukun nan ba yakan cinye jarinsa yana ganin riba yake ci. Kuma tun da aka fara maganar sabuwar dokar haraji, wasu sun tsorata har suna cewa a daina turo masu kuɗi ta banki. Bari mu zauna mu yi lissafin da kanmu.

Me dokar ta ce?

Ranar 26 ga Yuni, 2025, Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji guda huɗu, waɗanda suka samo asali daga aikin kwamitin da Taiwo Oyedele ya jagoranta. Wadda ta shafe mu kai tsaye ita ce Dokar Haraji ta Nijeriya, da ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026. Ta kasa kuɗin shigar mutum na shekara mataki-mataki kamar haka:

Naira 800,000 na farko: babu haraji.
Naira 2,200,000 da ke biye, wato har zuwa miliyan 3: kashi 15 cikin 100.
Naira miliyan 9 da ke biye, har zuwa miliyan 12: kashi 18.
Naira miliyan 13 da ke biye, har zuwa miliyan 25: kashi 21.
Naira miliyan 25 da ke biye, har zuwa miliyan 50: kashi 23.
Abin da ya haura miliyan 50: kashi 25.

A lura da kyau, kowane kaso yana hawa ne kan kuɗin da ya faɗa cikin matakinsa kawai. Wanda ya samu Naira 850,000 a shekara ba a kan dukan kuɗin za a cire kashi 15 ba. Ana barin masa 800,000 ɗin farko, a lissafa a kan 50,000 da ta yi sama. Harajinsa na shekara Naira 7,500 ke nan. Saboda haka zancen "kada in ƙara nema don kar in shiga haraji" bai da tushe. Duk Naira 100 da ka ƙara a wannan mataki, 85 taka ce.

In ka raba 800,000 gida 12, za ka samu kusan Naira 66,700 a wata. Riƙe wannan adadi a ka. Matuƙar ribarka ta wata, in an daidaita ta shekara, ba ta wuce shi ba, kuma ba ka da wata hanyar samu, harajinka sifili ne.

Sannan harajin kuɗin shigar ɗaiɗaikun mutane irinmu na jihar da mutum yake zaune ne. Mu a nan, Hukumar Tattara Kuɗaɗen Shiga ta Jihar Sakkwato ke da alhakinsa, ba hukumar tarayya ba.

Mataki na farko: fitar da abin da ba samu ba ne

Ba kowane alat ne kuɗin shiga ba. Kuɗin da Baba ya turo na abinci kyauta ce. Bashin karatu na NELFUND bashi ne da za a biya, ba riba ba. Kuɗin adashi da ka kwasa, naka ne da ka tara ya dawo maka. Kuɗin da 'yan ajinku suka tara a asusunka don buga handawut amana ce. Babu ɗaya daga cikinsu da ya shiga lissafin haraji. Dokar ba ta ɗora haraji a kan abin da ke kwance cikin asusu ba. Naira 50 ɗin nan da ake cirewa idan an tura 10,000 ko fiye wani caji ne daban, ba shi da alaƙa da harajin samu.

Sai dai wa zai yarda cewa kuɗin nan na handawut ne, in komai ya cakuɗe wuri ɗaya? Shi ya sa ya kamata sana'a ta samu nata asusun, ko da na waya ne, a bar wancan don kuɗin gida da hidimar kai.

Mataki na biyu: cire abin da sana'ar ta ci

A ce wata ɗaliba tana saro turare da hijabi daga Babbar Kasuwa tana sayarwa. A wata kuɗin da ke shigo mata Naira 450,000 ne. In ta kalli waya sai ta ji kamar hajiya. To amma sarin kaya ya ci 380,000. Kuɗin mota, data, leda da cajin banki sun ci 25,000. Abin da ya rage 45,000. Ita ce ribarta. A shekara ta kama 540,000, ba ta kai 800,000 ba, don haka ba ta da harajin biya ko sisi.

Yanzu ku dubi haɗarin rashin rubutu. Abin da ya ratsa asusunta a shekara miliyan 5 da 400,000 ne. Da za a ɗauki wannan adadi a matsayin samu, harajinsa zai kai Naira 762,000, fiye da dukan ribarta. Hukumar haraji na da ikon yin ƙiyasi da kanta idan mutum bai kawo bayanin da ya gamsar ba. Abin da zai raba wannan ɗaliba da irin wannan rigima littafi ne na Naira 'yan ɗaruruwa da rasit ɗin sari.

Abin da ake cirewa shi ne wanda aka kashe domin sana'ar kanta. Man babur na kabu-kabu ya shiga, man zuwa zance bai shiga ba. Kuɗin makaranta da na abincinka ba kuɗin sana'a ba ne. Manyan kayan aiki kuma, irin su kwamfuta, keken ɗinki ko babur, ba a cire kuɗinsu gaba ɗaya a shekarar da aka saya. Ana rarraba shi ne a kan wasu shekaru.

Wani kuskure da ake yawan yi: mutum ya ɗauki watan da ya fi samu ya ninka sau 12. Tela da ya samu 200,000 a watan azumi saboda ɗinkin Sallah ba zai ga irinta lokacin jarrabawa ba. Mai buga takardu ya san kasuwa na mutuwa da an tafi hutu. A haɗa abin da aka samu a kowane wata na gaskiya, har da watannin da aka zauna ba ciniki.

Mataki na uku: rangwame, sannan lissafi

A tsohuwar doka akwai wani rangwame na bai-ɗaya da ake cire wa kowa. An soke shi. Abin da ya maye gurbinsa shi ne rangwamen haya: kashi 20 cikin 100 na kuɗin hayar gida na shekara, amma ba zai wuce Naira 500,000 ba, kuma sai ka bayyana hayar da ka biya. Ana kuma cire gudummawar fansho, ta asusun gidaje na ƙasa, ta inshorar lafiya da ta inshorar rai, ga mai biyan su.

Mu ɗauki ɗan HND da ke haɗa wa mutane sola a gidaje da shaguna. A daidaice yana karɓar Naira 180,000 a wata kuɗin aikin hannunsa, wato 2,160,000 a shekara. Sufuri, yaron da ke taya shi da ƙananan kayan aiki suna cin 40,000 a wata, 480,000 a shekara. Riba: 1,680,000.

Yana haya a wajen makaranta kan 150,000 a shekara. Kashi 20 na wannan 30,000 ne. An cire, saura 1,650,000. A fitar da 800,000 da ba ta da haraji, saura 850,000. Kashi 15 na wannan shi ne Naira 127,500. Harajinsa na shekara ke nan, kimanin 10,600 a wata.

To nawa ne nasa na gaskiya? 1,680,000 a cire 127,500, saura 1,552,500. A raba gida 12: Naira 129,375. Mutumin da ke gaya wa abokai yana samun 180,000 ashe 129,375 ce ke hannunsa, kuma a cikinta zai biya haya, ya ci abinci, ya yi rajista. In ya ɗauki adashin 100,000 a wata bisa dogaro da 180,000, kafin zango ya ƙare zai fara ɓuya wa uwar adashi.

Ku lura kuma, sana'ar ta ci 480,000, haraji ya ci 127,500 kacal. Yawancin lokaci abin da ke rage mana kuɗi ba gwamnati ba ce, ɗawainiyar da ba mu rubutawa ce.

Masu albashi, ku ne abin ya fi shafa

Akwai yayyenmu da ke karatun wucin gadi, suna aiki a ma'aikatu ko makarantu, kuma suna da sana'a a gefe. Lissafinsu ya bambanta, domin ana haɗa dukan hanyoyin samun mutum ne wuri ɗaya, kuma 800,000 ɗin nan sau ɗaya ake ba da ita, ba kowace sana'a da tata ba.

A ce bayan an cire fansho da sauransu, albashin mutum na shekara ya tsaya a 1,100,000. Wurin aiki zai cire masa kashi 15 na 300,000, wato 45,000, ta tsarin PAYE. Sai kuma yana da shagon POS da ke ba shi ribar 50,000 a wata, 600,000 a shekara. Jimla 1,700,000. Harajin duka: kashi 15 na 900,000, wato 135,000. An riga an biya 45,000, saura 90,000 da shi zai kai da kansa, don wurin aiki bai san da shagon ba. Ma'ana 50,000 ɗinsa ta wata 42,500 ce. Ɗalibin da ba ya da albashi, mai irin wannan shago da irin wannan riba, ba zai biya komai ba. Sana'a ɗaya, riba ɗaya, amma abin da ke rage masu ya bambanta.

Idan an cire maka tun daga tushe

Wani lokaci kamfani ko ƙungiya za su ba ka aiki, wajen biya ka ga an rage wani abu, galibi kashi 5 cikin 100 a ayyukan ƙwararru. Aikin 400,000 sai a turo 380,000. Wannan 20,000 ba ɓata ta yi ba, kafin alƙalami ce ta harajinka. Ka nemi shaidar cewa an kai ta hukuma da sunanka. In mai solar nan ne, sai ya cire ta daga 127,500, ya biya 107,500. In ba ka karɓi shaida ba, ka yi asarar ta.

Masu aiki ta intanet da ake biyan su da dala, su ma su sani: mazaunin Nijeriya ana lissafa samunsa ne ko daga ina ya fito. A mayar da shi Naira a sa cikin jimla.

Me ya sa zan damu, tunda ba ni da abin biya?

Saboda rashin harajin biya daban, bayyana samu daban. Mai sana'a na miƙa bayanin samunsa na shekarar da ta wuce zuwa ranar 31 ga Maris, kuma doka ta sa tara mai nauyi ga wanda ya ƙi: Naira 100,000 a watan farko, 50,000 a kowane wata da ya biyo baya. Ban da tsoron tara, akwai amfanin kanka. Takardar shaidar biyan haraji tana nuna shekaru uku da suka gabata, kuma ana neman ta wajen kwangilar gwamnati da takardun fili. Ɗan ND I da ya fara tsara bayanansa bana, kafin ya gama HND yana da tarihin da zai nuna. Wanda ya jira sai ranar da kwangila ta fito, zai yi ta safa da marwa a ofis yayin da wani ke ɗaukar aikin.

Abin yi daga wannan mako

Sayi littafi mai bango, ka ja layi huɗu: kwanan wata, abin da ya shigo, abin da ya fita, da dalili. Ɗauki hoton kowane rasit da waya, domin takardar na goge da zafin Sakkwato. Ƙarshen wata ka fitar da riba. In ba ka da albashi, duk abin da ya haura 66,700, ka ware Naira 15 cikin kowace 100 ka ajiye gefe. In kana da albashin da ya riga ya wuce 800,000 a shekara, ka ware 15 ɗin daga dukan ribar sana'ar. Abin da ya rage bayan haka shi ne naka, kuma a kansa za ka yanke adashi, kuɗin makaranta da abin aika wa gida.

In lissafin ya rikice maka, ga 'yan sashen Akanta nan muna zama aji kusa da aji da su. Ka kai littafinka su duba, su ma sun samu abin gwaji. Ofishin hukumar haraji ta jiha ma ana shiga a yi tambaya, kuma gara ka je da ƙafarka da littafi a hannu.